Ɗan Shirato a Sahun Gaba

A majalisar ƙasa da ke Tokyo ba furfura ke ba mutum kujera ba, yawan zaɓen da ya ci ne. Wanda ya ci sau goma yana can baya, a sama, inda zai yi gyangyaɗinsa ba mai damunsa. Sabon shiga kuwa gaba ake kai shi, dab da mumbari, inda yawun mai jawabi ke sauka. Shi ya sa Shirato Genzo, da ciwon bayansa da shekarunsa saba'in da 'yan kai, ya tsinci kansa a sahun farko, cikin yaran da ya girmi iyayen wasunsu.

Shi dai bai nemi abin ba. Ya ƙarar da ƙuruciyarsa a jirgin kamun kifi a tsakiyar teku, ya dawo ya shugabanci ƙungiyar masunta a garinsu na arewa, har ɗan majalisarsu ya rasu, masunta suka taru suka ce ba wanda suke so sai shi. Ranar farko ya shiga ta babbar ƙofar tagulla ta tsakiya, wadda ba a buɗe wa kowa sai Sarki, ko baƙon ƙasa, ko sababbin 'yan majalisa sau ɗaya tak. Aka nuna masa kujerarsa, da ɗan baƙin katakon da ke kan teburin kowa, wanda aka rubuta suna a jikinsa da farin fenti. Idan ka zauna ka tayar da shi tsaye, an san kana nan. Idan za ka fita ka kwantar da shi. Tun daga ranar aka koma kiransa Malam, don a gidan nan kowa Malam ne, ko da bai taɓa koya wa kowa komai ba.

Yana cikin shekararsa ta biyu aka sanar cewa shugabar ƙasar Nuwaro, wasu tsibirai can kudu, za ta zo ranar Alhamis ta yi wa majalisun biyu jawabi a zauren wakilai. Sauran 'yan sahun gaba suka shiga murna za su fito a talabijin. Ban da Genzo.

A cikin tsibiran Nuwaro akwai wani da ake kira Pelik, kuma duk wanda ya san Genzo ya san Pelik, don abokan hamayyarsa sun tabbatar kowa ya sani lokacin zaɓe. A shekarar ƙarshe ta yaƙin duniya na biyu, jiragen abinci sun daina isa ga sojojin ƙasarsu da ke can. Laftanar ɗin da ke riƙe da tsibirin ya sa aka kwashe mutanen ƙauyen aka kai su wani ɗan tsibiri na duwatsu, ba gona ba rijiya, don sojoji su ci gwazarsu da kwakwarsu. Yara da tsofaffi suka mutu da yawa a can. Sojojin ma ba su tsira ba, yunwar da zazzaɓi suka bi su ɗaya bayan ɗaya. Sunan laftanar ɗin Shirato. Ya bar matarsa da ciki, bai taɓa ganin ɗansa Genzo ba. Abin da aka kawo wa matar bayan yaƙi farin akwati ne, da aka girgiza shi aka ji ɗan dutse na yawo a ciki, shi aka binne.

Sau da yawa jirgin su Genzo ya wuce ta gefen Pelik, har yana hango bishiyoyin kwakwa. Yakan cire hula ya sunkuya daga kan jirgi, amma bai taɓa sauka ba. A tarbiyyar da ya tashi a ciki, wanda gidanku ya cuta ba ka je masa ƙofar gida da fuskarka, don ganinka fami ne. Sai ka bi ta hannun hukuma, ka aika da ban haƙuri cikin ladabi, ka tsaya nesa. Haka ya yi. Duk tawagar da aka tura neman ƙasusuwan sojoji, ya bi ta da roƙo da gaisuwa. Kowane tsibiri ya yarda a tona, ban da Pelik. Su amsarsu ɗaya ce kullum: sai dai ɗan laftanar ya zo.

Bulaliyar jam'iyyarsu, Malam Kurobane, mutum ne mai santsin baki wanda bai taɓa cewa a'a ba a rayuwarsa, kuma bai taɓa barin wani ya yi abin da ba ya so ba. Ya kira Genzo ofis, ya zuba masa shayi da hannunsa.

"Malam, ya bayan naka?"

"Da sauƙi sosai."

"Anya? Ni kuwa sai na ga kamar yana neman tashi. Ranar Alhamis ma ina jin zai kwantar da kai."

Genzo ya ajiye kofin. Kurobane ya rage murya.

"Matar nan 'yar Pelik ce, Malam. Kakarta tana cikin waɗanda aka kwashe. Kai kuma ga ka ƙarƙashin hancinta, sunanka a tsaye da farin fenti, masu ɗaukar hoto sun cika sama. Shekara nawa suna cewa ɗansa ya zo? Me kake tsammani za su yi da ɗan nasa, shayi za su dafa masa? Da zan iya mayar da kai baya da na yi, amma ka san tsofaffin can, gara ka taɓa musu mata da ka taɓa musu kujera. Ka huta a gida. Ita ma ka hutar da ita."

Wannan ta ƙarshen ita ta kama Genzo. Tsoron kunya bai dame shi sosai ba, ya saba da ita tun yana makarantar firamare. Amma a ce baƙuwa ta tsallako teku, ta ɗaga ido ta ga sunan nan, wannan ya yi masa nauyi. Ya ce zai duba.

Kujerar da ke gefensa a zaure, bayan ɗan siririn lungu, ta 'yan adawa ce. Mai ita Malama Nukui Tamae, 'yar Osaka, tsohuwar shugabar ma'aikatan jinya, wadda bakinta bai san birki ba. Tun ranar farko take kiransa Baba, shi kuma yana kiranta Rediyo.

"Baba, na ji an ce bayanka zai tashi ranar Alhamis."

"Wa ya faɗa miki?"

"A gidan nan bango ma ɗan jarida ne. Na yi jinyar mutane har na gaji, ban taɓa ganin ciwon da ke bin jadawalin majalisa ba. Ka kawo shi asibiti a yi bincike, ka ga ka taimaki ilimi."

"Ki bar ni, Rediyo. Ba ki san abin ba."

"Na sani mana, jam'iyyarmu ce ta buga shi a takardun zaɓe." Ta sassauta murya, abin da ba ta saba ba. "Wannan kam ba mu kyauta ba. Amma ka ji, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Kowane katako a sahun nan zai kasance a tsaye, naka kaɗai a kwance. Kana ganin ba za ta gani ba? Sai ta ce ga shi, har gidansu na zo, ya gudu."

Ranar Alhamis da safe Genzo ya durƙusa gaban ɗan akwatin magabata da ya taho da shi daga arewa. Hoton uwarsa na ciki, da na wani saurayi cikin kayan soja wanda ko ɗan autan Genzo ya girme shi yanzu. Ya kunna turaren tsinke, ya ɗauki ɗan ƙoƙon shinkafa ya cika shi har ya yi tozo. Haka uwarsa ta koya masa. Takan ce, "Cika masa, da yunwa ya tafi." Tun yana yaro yake ganin uban nasa a zuci yana yawo a bakin teku, ba kabari ba mai ba shi ruwa, kuma ya san ba shi da bakin cewa an zalunce shi.

Matarsa Sumie ta leƙo, riƙe da baƙar kwat ɗinsa a goge.

"Baban Yuri, bayan ya tashi ne ko bai tashi ba? In san ko in mayar da wannan."

"Kawo," in ji shi.

Wanda ya san zauren nan a ranakun aiki ba zai gane shi ba ranar. Gidan ihu ne da gatse, inda mai jawabi ba ya gama jimla sai an jefo masa baƙar magana daga baya. Yau ko tari sai mutum ya nemi izinin maƙwabcinsa da ido. 'Yan majalisar dattawa suka shigo a jere kamar masu zuwa gaisuwar surukai, aka matsa musu, aka jera ƙarin kujeru. Jakadun ƙasashe suka cika bene. Hasken rana ya sauko ta rufin gilashi ya kwanta a kan sassaƙen katakon bango. Tsofaffin baya kuwa, abin mamaki, idon kowa biyu. Genzo ya zauna, ya kai hannu ga katakonsa. Ya tayar da shi.

Daga nesa aka ji ƙarar ƙofar tagulla. Kakakin majalisa ya shigo, shugaban dattawa a gefensa, masu gadi da farar safar hannu a gaba da baya. A tsakiyarsu wata 'yar gajeruwar mata ce mai jiki, gashinta ya fara fari, da rawanin furanni a ka da doguwar riga shuɗiya. Ita ce Shugaba Elsina Rokomal. Mutanen ƙasarta duka ba za su cika unguwa ɗaya a Tokyo ba, amma ga majalisu biyu na ƙasa mai jiragen ƙasa da masana'antu sun miƙe tsaye saboda ita, suna tafi kamar ruwan sama a kan kwano. Genzo ya ji tsigar jikinsa ta tashi. Bai taɓa sanin cewa gidan da yake zuwa aiki kullum yana da irin wannan kwarjini ba.

Ta hau mumbari, ta sunkuya wa Kakaki, ta juyo ta sunkuya wa zaure. Tana kusa har Genzo na jin ƙamshin furannin. Kowa ya saƙala na'urar tafinta a kunne.

Ta fara da teku. Ta yi maganar kifin da ke barin ruwansu ya ƙare a kasuwannin Tokyo, da ruwan gishirin da ke cinye musu gonaki. Ta ce a ƙasarsu ba a gina majalisa mai tsawo haka, don in ka hau bene kana ganin ƙasar duka har da ta maƙwabta. Aka yi dariya, aka tafa. Genzo ya fara tunanin ko za ta wuce ba ta taɓo ba.

Sai ta ajiye takardun hannunta.

"Ni 'yar Pelik ce," in ji ta, muryar tafinta na bin ta a hankali. "Kakata ta tafi tsibirin duwatsu da 'ya'ya huɗu, ta dawo da ɗaya. Ɗayar nan ita ce uwata."

Genzo ya kafa ido a kan teburinsa. Ya ji kamar duk zauren na kallon ƙeyarsa.

"Da yaƙi ya ƙare suka dawo cikin kwale-kwale. Suka tarar an tone gonaki har saiwa, suka tarar da samarinku a kwance a ciki. Yunwar da ta ci namu ita ta ci su. A wurinmu, mamacin da ba shi da kowa, na wanda ya tsince shi ne. Ya zama ɗan gidan. A wanke shi, a binne shi a bayan ɗaki cikin dangi, kuma duk shekara in an haƙo gwazar fari a ajiye masa rabonsa kafin masu rai su ci. Kowane gida ya ɗauki wanda ya samu. Kakata ta sami wani a bakin gonarta, ta juya fuskarsa, ta gane shi. Shi ne wanda ya tsaya a bakin ruwa ya ce a zuba su a jirgi. Maza suka ce a jefa shi teku. Ta zauna a gefensa yini guda. Da yamma ta ce, an karɓe mini uku, an ba ni ɗaya, ku kama mini shi."

Hannun masu ɗaukar jawabi da ke ƙasan mumbari ya tsaya cak. Tafinta, wata mata da ba wanda ke ganinta, muryarta ta karye, ta gyara, ta ci gaba.

"Tun daga ranar muke ciyar da matattunku. Kun turo mana tawaga bayan tawaga, mutanen kirki, da takardu da kyaututtuka da sunkuyo. Muka ce a'a, na kuma san kun ɗauka fushi ne. To ku gaya mini, wa zai tone ɗansa ya miƙa wa ma'aikata? Ɗan gida ba a ba da shi sai ga jininsa. Jinin nan ya zo da ƙafarsa, ya zauna a tabarma, ya ci daga tukunyar, ya faɗi sunansa da bakinsa. Iyakar abin ke nan. 'Ya'yan wasu sun ji labari sun zo a ɓoye, sun tafi da nasu. Na gidanmu ba wanda ya zo. Kakata ta jira har ta rasu. Uwata ta tsufa, tana share kabarin da sanda a hannu, tana tambaya ko wanta bai bar kowa ba ne a duniya."

Wanta. Kalmar ta tsaya wa Genzo a kunne. Ya tuna jirgi, da hula a hannu, da bishiyoyin kwakwa suna wucewa. Ashe duk sunkuyon da yake yi daga nesa, a can wata tsohuwa tana duban teku tana jira. Ya yi ta aike yana ganin ladabi yake yi, alhali zuwa da kai ya fi saƙo.

A zauren nan ba a tashi sai Kakaki ya kira sunanka. Ranar baƙo kuwa ko motsi mai ƙarfi laifi ne. Genzo ya san wannan, ya kuma ji idon Kurobane daga baya kamar garwashi. Ya dafa tebur da hannu biyu, bayansa ya yi ƙara, ya miƙe.

Hannun Kakaki ya tafi wajen ƙararrawa. Wani mai gadi ya yi taku ɗaya. Shugabar ta tsayar da jawabi, ta dubo ƙasa.

Muryar da ta saba ratsa iska da ƙugin inji ce ta fito, ba ta buƙatar lasifika.

"Ni ne Genzo, ɗan Shirato. Na makara. Ku yafe mana."

Ya sunkuya har goshinsa ya kusa taɓa katakon sunansa, ya tsaya a haka.

Kakaki ya dubi ƙararrawa, ya dubi tsohon, ya janye hannunsa ya ɗora a gwiwa. Shugabar ta cire na'urar kunnenta ta ajiye. Da ta buɗe baki ba ta bi ta tafinta ba. Da harshen zauren ta yi magana, irin na tsofaffin da, wanda ta koya a bakin kakarta da ta tashi lokacin da ƙasar nan ke mulkin tsibiransu, kalmomin da ko a ƙauye an daina jin su.

"Ɗago in gan ka."

Ya ɗago da ƙyar. Ta dube shi da kyau, kamar mai duba kifi a kasuwa.

"Ashe kai ne ɗan kawu. Haba, sai da ka tsufa haka?" Hawaye na bin kumatunta, tana murmushi. "Goshin nan naku ne, uwata ta sha kwatanta mana shi. Ka zo. Gwaza ta kusa nuna. Kada ka kawo komai, kuma kada ka turo kowa."

"Zan zo," in ji Genzo.

Daga can baya aka fara jin motsin kujeru. Tsofaffin da sai an yi da gaske suke tashi ko don taken ƙasa, su suka fara miƙewa, sahu bayan sahu abin ya gangaro har gaba, wakilai da dattawa, masu mulki da 'yan adawa. Ba wanda ya tafa. Zauren duka ya sunkuya wa 'yar gajeruwar matar nan mai furanni a ka, ita ma ta sunkuya, aka daɗe a haka, ba ka jin komai sai numfashi. Kurobane ma yana ciki, yana share tabarau da gefen riga.

Tamae ce ta miƙo hannu ta tsallake lungun da ke raba jam'iyyun, ta kama gwiwar hannunsa.

"Zauna, Baba, kafin bayan ya tashi da gaske," ta ce a hankali. Hancinta ya yi ja.

Ya zauna. Shugabar ta ɗauki takardunta ta ƙarasa jawabinta a kan kifi da ruwan gishiri, amma ka tambayi duk wanda ke wurin abin da ta ce a ƙarshe, ba zai iya faɗa maka ba.

Washegari da safe Genzo ya durƙusa gaban akwatin magabata, ya kunna turare, ya ɗauki ƙoƙon shinkafa. Sumie na tsaye a bayansa. Ya ɗebo cokali na farko, ya ɗebo na biyu, ya kai hannu zai yi tozon da ya saba, sai ya tsaya.

"Cika masa mana," in ji ta.

Ya daɗe yana duban saurayin da ke cikin hoton.

"Ba ya jin yunwa, Sumie," ya ce. "Tuntuni yake ci. Waɗanda ya hana abinci, su ke ba shi."